Jiha ta Goma Sha Huɗu

Shekara ashirin da tara na yi ina aiki a majalisar dokokin jiharmu, bakwai daga ciki a matsayin akawun majalisa. Mutane in suka ji an ce akawu sai su ɗauka mai yawo da fayil ne. A'a. Ni nake zama a teburin da ke ƙasan kujerar Kakaki, sanye da baƙar riga. Ni nake karanto ƙuduri, ni nake ƙirga hannu in an zo kaɗa ƙuri'a, kuma babu takardar da za ta fita daga ginin nan da sunan majalisa sai da hatimina. 'Yan majalisa su zo su wuce duk bayan zaɓe, ni ina nan daram. In suka rikice a kan ƙa'ida, zauren gaba ɗaya sai ya juyo ya kalle ni. Ina son wannan kallon. Gara in faɗa tun yanzu, domin shi ya kai ni inda ya kai ni.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari a duniya, ni da Yaya. Shekara uku kacal ta ba ni, amma in ka ji yadda take yi mini magana sai ka rantse ita ta haife ni. Ina da shekara hamsin da huɗu, da furfura da jika, amma a bakinta ni Auta ne. Ita ta koya mini ɗaura igiyar takalmi, ita ta koya mini karatu tun kafin a sa ni makaranta, da rankwashi in na yi wasa.

Yaya ta yi aure a jihar da ke maƙwabtaka da tamu, kogi ne kawai ya raba mu. Mijinta mai awon filaye ne, mutum mai shiru-shiru, ya rasu shekara biyar kafin wannan labari. Can ta yi duk rayuwarta, can ta haifi 'ya'yanta huɗu, can ta yi shekara talatin tana koyarwa a makarantar horar da ungozoma. Shekara shida tana riƙe da makarantar a matsayin muƙaddashiyar shugaba, ba a tabbatar da ita ba. Ba don ba ta iya ba. A ƙasarmu kowace jiha 'ya'yanta take ba manyan muƙamai, ɗan jiha kuwa shi ne wanda aka haifi ubansa a can. In ta nema a jihar mijinta sai a ce ai ke 'yar ƙetare ce. In ta waiwayo tamu sai a ce ai kin yi aure can.

"Ni 'yar kan gada ce," in ji ta. "Ranar da aka yi wa gada gwamna, ni ce kwamishinar lafiya."

Tana faɗa tana dariya, amma na san abin yana ci mata rai.

A shekarar ne majalisar tarayya ta amince da gyara a kundin tsarin mulki: duk wanda ya yi shekara goma yana zaune a wata jiha, yana da haƙƙin aiki da muƙami kamar ɗan jihar. Amma gyaran kundi ba ya tabbata da tarayya kaɗai. Jihohinmu ashirin da ɗaya ne, sai majalisun goma sha huɗu sun amince, kuma takardar kowace ta isa babban birni kafin wa'adin majalisar tarayya ya ƙare, wato Juma'ar ƙarshen wata. In ba haka ba, magana ta mutu, sai sabuwar majalisa ta faro daga farko in ta ga dama.

Ranar Talata muka zauna a kai, saura kwana goma. Wanda ya fi kowa zaƙewa wani dattijo ne, tsohon hedimasta, muna kiransa Sashe-Nawa, domin duk wanda ya tashi ya yi magana sai ya ɗaga yatsa ya ce, "A sashe na nawa ka ga wannan?" Ya yi magana ta minti arba'in, har makirufo ya ɗauke ya ci gaba da bakinsa. Da aka zo ƙuri'a na miƙe na ƙirga. Hannu goma sha tara cikin ashirin da shida. Har mutanen Gwamna sun ɗaga, domin 'yan jarida na sama da kyamarorinsu, kuma zaɓe ya matso. Kakaki ya buga guduma, sannan aka ɗage zama zuwa mako biyu.

Ban gama cire rigar ba wayata ta yi ƙara.

"Auta, na gan ka a talabijin. Wai wannan baƙar rigar ba ta da ƙarama ne? Kamar an rataye ta a ƙusa."

"Yaya, rigar aiki ce."

"To rigar aiki, an gama ke nan?"

"An gama. Saura in buga hatimi in aika."

Na ji tana jan hanci.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Da Inna tana raye da ta ga wannan rana."

Washegari da safe Kakaki ya aiko a kira ni. Ofishinsa yana hawa na biyu, da kafet ja da wata na'urar sanyaya ɗaki mai ƙugi kamar injin niƙa. Akwai akwatin gilas na kifi a kusurwa, ruwa cike, kifin sun daɗe da mutuwa ba a sake sawa ba. Ya sallami mutanen da ke ciki, ya nuna mini kujera.

"Akawu, Maigirma Gwamna bai ji daɗin abin da ya faru jiya ba."

"Ranka ya daɗe, ai mutanensa ma sun ɗaga hannu."

"Sun ɗaga, to me za su yi, a gaban kyamara? Ka san garin nan. Rabin mutanen kasuwa baƙi ne, rabin unguwannin bayan tasha baƙi ne. In aka ce yau za su iya tsayawa takara, su iya neman darakta, ina namu za su je?" Ya juya biro a hannu. "Ka fahimce ni da kyau. Ni ban ce kada a aika ba. Tambaya nake. Akwai wani abu a ƙa'ida da bai cika ba?"

Wannan wurin nake komawa kullum. Da na ce babu, da magana ta ƙare. Kakaki bai san littafin ƙa'idojinmu ba, ko bangon bai taɓa buɗewa ba. Da ya koma ya gaya wa Gwamna cewa an nema an rasa. Amma an yi mini tambayar ƙa'ida, ni kuwa a rayuwata ban taɓa cewa ban sani ba. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Akwai ƙa'ida ta arba'in da biyu. Bayanan zama ba su zama na majalisa ba sai an karanta an amince da su a zama na gaba."

"Zama na gaba kuwa yaushe ne?"

"Bayan wa'adi da kwana huɗu."

Ya jingina da kujera, ya yi murmushi.

"Shi ya sa kullum nake cewa mu 'yan rakiya ne, kai ne majalisar."

Abin da ban gaya masa ba shi ne ƙa'ida ta arba'in da uku. Ita ta ce in lamari ya shafi kundin tsarin mulki kuma akwai wa'adi, akawu zai iya aika ƙudurin da hatiminsa kaɗai, ba sai ya jira kowa ba. Na san ta sarai, ni na rubuta ta da hannuna shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin ina mataimaki. Na sauko daga bene ina jin daɗin yabon da aka yi mini, wallahi har na kai ƙasa kafin in tuna da Yaya.

Da na tuna sai na fara lissafi. Jihohi goma sha biyu sun riga sun aika. Biyar ba su zauna ba tukuna. Ai ko ba mu, dole a samu biyu cikin biyar. Yaya za ta samu abin da take so, Gwamna ya samu nasa, ni kuma in zauna lafiya. Haka na gaya wa kaina, kuma na yarda.

A ofis na tarar Taifis ta riga ta buga takardar. Tsohuwar ma'aikaciya ce, ta riga ni shiga majalisa, tun zamanin keken rubutu, shi ya sa sunan ya bi ta har aka koma kwamfuta. Ta ajiye mini ita a tebur, a farar takarda mai kauri wadda muke ɓoyewa don manyan wasiƙu, ta ajiye hatimi a gefe.

"Yallaɓai, a kira direba?"

"Tukuna. Akwai abin da zan duba."

Na jawo aljihun tebur na sa ta a ƙarƙashin fayil ɗin hutun ma'aikata, na kulle.

Alhamis ta sake tambaya, na ce tukuna. Juma'a ma haka. Ranar Litinin ta shigo, ta gaishe ni, ta ajiye jaridu, ta dubi aljihun tebur, ta dube ni, ta fita. Ba ta ƙara tambaya ba. Na gwammace ta zage ni.

A Litinin ɗin nan jiha ta goma sha uku ta aika. Na ce alhamdulillahi, saura ɗaya. Talata wata ta ƙi. Laraba wata ta ƙi, wata kuma 'yan majalisarta suka dambace a kan kujerar kakaki aka rufe zauren. Ta ƙarshe ta zauna ranar Alhamis, mutum tara suka zo, ba su kai adadin da za a yi zama ba, suka watse. Ina zaune a ofis da rediyo a kunne lokacin da aka faɗa. Yanzu babu sauran lissafi. Jiha ta goma sha huɗu tana cikin aljihun teburina.

Ranar Juma'a na fito tun bakwai na safe. Na buɗe aljihun, na fito da takardar, na buga hatimi na sa hannu. Babban birni tafiyar awa shida ce, ofishin majalisar tarayya kuwa sai huɗu yake rufewa. Ban kira direba ba, na ɗauki motata. Na wuce shataletale, na wuce kasuwar katako, na tsaya a gidan man da ke bakin gari na cika tanki. Mai zuba man yana goge mini gilas ke nan sai waya ta shigo. Mai taimaka wa Kakaki ne.

"Yallaɓai, barka da asuba. Oga ne ya ce in gaishe ka kawai. Kana ina ne?"

"Ina ofis," na ce.

"To madalla. A huta lafiya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Babu wanda ya yi mini barazana, babu wanda ya yi mini alkawarin komai. Na gangara gefen gidan man na kashe mota. Jakata tana kujerar gefe. Na zauna ina kallon manyan motoci suna wucewa ta hanyar da ya kamata in bi. Na tuna saura shekara shida in yi ritaya. Na tuna akawun da na gada, yadda aka mayar da shi hukumar kula da gandun daji don ya yi gardama sau ɗaya. Na ce bari in ƙara minti goma in yi tunani. Da na sake duba agogo, sha ɗaya ta wuce. Ko na tashi sama ba zan isa ba. Wani irin sauƙi ya sauko mini a ƙirji, kuma wannan sauƙin ne abin da na fi jin kunyarsa har yau. Na juya mota na koma ofis.

Da yamma aka sanar: jihohi goma sha uku, gyara ya faɗi. Kakaki ya tara 'yan jarida ya ce majalisarmu ta yi nata, ƙa'ida ce ta ɗaure mana hannu, kuma doka tana gaba da kowa. Ina tsaye a bayansa ina gyaɗa kai.

Ranar Litinin Sashe-Nawa ya shigo ofishina ba sallama, da sandarsa.

"Akawu, a sashe na nawa?"

"Ƙa'ida ta arba'in da biyu, Malam."

"Na karanta ta. Akwai wadda ke bin ta?"

"Sai na duba."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

"Kai ne za ka duba?" ya ce. "To Allah ya ba ka sa'ar gani."

Bayan mako biyu ya shigar da ƙara a kotu, yana neman a ce amincewarmu ta inganta tun ranar da aka ƙirga hannu.

Yaya kuwa ita ta kira ni tana ba ni haƙuri.

"Auta, kada ka sa abin nan a ranka. Na san ka yi iya naka. 'Yan siyasa ne, ba ka da yadda za ka yi da su."

"Haka ne, Yaya."

"Kana cin abinci kuwa? Muryarka ba ta yi mini ba."

Matata ta lura tun ba a je ko'ina ba. Wata rana da safe ina shirin fita ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Baban yara, tun da na aure ka ba a taɓa kayar da kai a ƙa'ida ba. Ya aka yi wannan ta fi ƙarfinka?" Na ce mata na makara, na wuce. Ba ta sake tayar da maganar ba, amma duk lokacin da Yaya ta kira sai ta miƙo mini wayar ta fita daga ɗakin.

Wata huɗu bayan haka aka naɗa sabuwar shugaba a makarantar Yaya. Ɗalibarta ce, wadda ta yaye da hannunta shekara goma sha biyar baya, 'yar asalin jihar. Aka ce Yaya ta koma aji, kuma ta bar gidan shugaba cikin wata ɗaya. Ta zaɓi ta yi ritaya. Ranar Asabar na ƙetare gada na je taya ta kwashe kaya.

Gidan ya cika da kwali. A falo an jingine ƙafafun na'urar awon marigayi, har yanzu da jar ƙasa a jikinsu. A kan kujera akwai 'yar tsanar roba mai girman jariri wadda take koyarwa da ita, an ɗinke mata hannu ɗaya da baƙin zare. Yaya tana tsakiya da ɗankwali a ɗaure tam, tana ba kowa umarni.

"Auta, wannan kwalin littattafai ne, ba irin takardunku ba ne, sai ka tanƙwara gwiwa."

Wajen sha biyu wasu mata biyu suka zo sallama, tsofaffin ɗalibanta. Suka durƙusa suka gaishe ta, suna ce mata Mama. Ɗaya tana sayar da magani a wani kanti, ɗaya tana gida. Dukansu a garin aka haife su, amma iyayensu daga wasu jihohi suka zo, saboda haka asibitin gwamnati bai ɗauke su ba.

"Wannan ita ta zo ta ɗaya a ajinsu," Yaya ta ce mini tana nuna ta kantin. "Hannunta kamar an yi shi don karɓar haihuwa. Yanzu tana ƙirga ƙwayar ciwon kai." Ta juya gare su. "Wannan ƙanena ne, akawun majalisar can. Su sun amince da dokar, lokaci ne ya ƙure musu."

Matan suka juyo suka yi mini godiya. Ta kantin ta ce, "Allah ya saka da alheri, Baba. Mun ji jiharku ta tsaya mana."

Ban san abin da na amsa ba. Na shige kicin na sami kofuna a kan tebur, na fara naɗe su da tsohuwar jarida. Bayan sun tafi Yaya ta shigo ta tsaya gefena tana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya," na ce, "lokaci bai ƙure mana ba."

Ba ta daina miƙo kofi ba. "Kamar yaya?"

Na gaya mata. Ofishin Kakaki, ƙa'ida ta arba'in da biyu, ta arba'in da uku, aljihun tebur, gidan mai. Ban rage komai ba, domin na san in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Ina magana ina kallon jaridar da ke hannuna.

Da na gama ta ajiye kofin a hankali.

"Dukan ka suka ce za su yi?"

"A'a."

"Korar ka?"

"Ba su faɗa ba."

"To wani abu suka ba ka?"

"Ko sisi."

"Ashe a banza ma ka yi." Ta goge hannunta a zani. "Ranar da na kira ka ina ba ka haƙuri, ina tambayar ko kana cin abinci, takardar tana ina?"

"Tana aljihun tebur."

"Da hatimi?"

"Da hatimi."

Ta gyaɗa kai. Na jira ta yi faɗa, ta zage ni kamar yadda ta saba in na yi wauta. Ba ta yi ba. Ta leƙa taga tana kallon masu ɗora kaya a mota.

"Ni nawa ya wuce," ta ce. "Shekara uku suka rage mini, ko an tabbatar da ni ko ba a tabbatar ba. Amma ka bari yaran nan suka durƙusa suka yi maka godiya. A gidana." "Irin su ɗari nawa na yaye, ka sani? Ni ma ban sani ba."

"Yaya, ki yafe mini."

"Ka gama naɗe kofunan. Mai mota yana jira."

Na gama. Na ɗora kwalaye har la'asar, na bi motar zuwa ƙaramin gidan da ta kama a bayan asibiti, na sauke. Duk tsawon lokacin in za ta yi mini magana sai ta ce, "A ajiye wannan a can," kamar da ɗan dako take. Da zan tafi ta ce in gaida mutanen gida, ta rufe ƙofa.

Ranar Litinin na je wurin lauyan Sashe-Nawa na ce ina so in ba da shaida a rubuce, da rantsuwa. Ya ɗauka tarko ne, sai da ya kira dattijon a waya. Shafi huɗu na rubuta. Da na koma ofis na gaya wa Taifis, domin za a iya kiran ta. Ta buɗe jakarta ta fito da kwafin takardar, da kwanan watan da ta buga ta, a ninke cikin leda.

"Tun ranar nake yawo da ita, yallaɓai," ta ce. "Ban san wa zan ba ba."

A kotu lauyan majalisa ya tambaye ni ko Kakaki ya umarce ni kada in aika. Na ce a'a. Ko Gwamna ya kira ni? Na ce a'a. To wa ya hana takardar tafiya? Na ce ni. Gaskiya ce, kuma ita ta wanke su tas. Alƙalai suka yanke cewa amincewar jiharmu ta inganta, kuma akawu yana da ikon aikawa bai aika ba. Amma majalisar tarayyar da aka yi gyaran a gabanta ta riga ta ƙare, kotu kuwa ba ta da ikon tayar da ita. Duk mai so ya koma ga sabuwa. Sashe-Nawa ya ci shari'a bai samu komai ba. A bakin kotu ya wuce ni, sannan ya dawo ya ce, "Ka makara, amma ka zo." Bai miƙo mini hannu ba.

Majalisa ta kafa kwamiti, kwamiti ya gano cewa akawu ya yi sakaci da aikinsa, aka yi mini ritayar dole. Kakaki da kansa ya karanta rahoton, har da nuna takaici. Jaridu suka yi mako guda suna zane na da ƙaton aljihun tebur. Wasu a unguwa suka daina gaishe ni don na ɓoye takarda, wasu don na tona. Ban ga laifin kowa ba.

Wata bakwai Yaya ba ta kira ni ba. In na kira, ta amsa gaisuwa, ta ce tana da baƙi. Matata ta je sau biyu, ta dawo ta ce lafiyarta ƙalau, tana taimakawa a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, kuma ba ta ambace ni ba.

Sai wata Laraba babbar 'yarta ta zo gidana da ambulan a hannu.

"Kawu, Mama ta ce in kawo maka."

Shafi goma sha ɗaya ne da rubutun hannun Yaya. Ita da tsofaffin ɗalibanta sun kafa ƙungiya, suna so su kai koke gaban kwamitin sabuwar majalisar tarayya a sake ɗauko gyaran. Ta jera sunayen mata, da shekarar da kowace ta gama, da abin da take yi yanzu. A saman shafin farko ta rubuta layi ɗaya: a mayar da wannan yadda 'yan majalisa za su karanta. Babu gaisuwa, babu sa hannu.

"Ta ce wani abu kuma?" na tambaya.

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murmushin kunya. "Ta ce in tsaya a kanka har ka rubuta ranar da za a zo karɓa."

Na rubuta mata Asabar, na gama tun Juma'a. Bayan mako guda takardar ta dawo, an bi ta da jan biro. Inda na rubuta "ana kyautata zaton adadinsu ya kai" ta soke, ta sa ainihin adadin. Inda na rubuta "muna roƙon alfarma" ta soke alfarma, ta rubuta a gefe: ba alfarma ba ce. Na gyara na mayar. Ta sake dawowa da jan biro, amma kaɗan.

Yanzu muna kan zagaye na uku. Kwamitin bai sa ranar zama ba, an ce sai bayan an gama kasafin shekara, wasu kuma na cewa gwamnoni sun fi da shiri a wannan karon. Yaya ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban sake tambaya ba. Jiya 'yarta ta kira ta ce an samu ƙarin sunaye goma sha bakwai daga wani gari, za ta kawo su ranar Lahadi, in bar musu wuri a shafi na shida.